Bangon Ɗakin Auta

Farar bas ɗin takan shigo layinmu da ƙarfe goma na safe, Asabar da Lahadi. Gidanmu ne zango na uku. Mutumin da ya kashe ƙanwarmu Auta shekara goma sha ɗaya da suka wuce, mata huɗu ya kashe a garin nan kafin a kama shi. Bara wani shiri da ake saurara a waya ya tono labarin ya baza shi duniya, sai wani mai wayo ya sayi bas, ya fara ɗauko mutane yana zagayawa da su gidajen huɗu, ɗaya bayan ɗaya. Jagora muke ce masa, don haka aka rubuta a bayan rigarsa.

Da farko a bakin ƙofa suke tsayawa. Su sauko, su ɗauki hoton ƙofar gidan da lambarta, Jagora ya yi musu bayani da 'yar lasifikarsa, su koma mota. Maƙwabta suka yi ta tsaki sati biyu. A na uku mai shagon kusurwa ya ƙaro lemo mai sanyi.

Rannan na dawo daga neman aiki na tarar da Yaya da Jagora a cikin ɗakin Auta. Ƙaramin ɗaki ne, gado ɗaya, taga ɗaya mai kallon layi, sai keken ɗinkinta da aka lulluɓe da zane. Bangon shuɗi ne mai haske. Ni na shafe shi, don fenti ne sana'ata.

"Yauwa, ga shi nan," in ji Yaya. "Ƙanena ne. Shi ya gyara ɗakin bayan abin ya faru."

Jagora ya ba ni hannu, yana murmushi irin na mai sayar da magani a mota.

"Malam, aikinka ya yi kyau har ya yi yawa. Mutum ya taso tun daga nesa, ya shigo ya tarar da shuɗin bango? Ai yana da irinsa a gida. In aka kankare fentin nan, ba abin da za a gani a ƙarƙashi?"

Na ce masa babu. Har filastar na farfasa a lokacin, na yi sabuwa, na bi ta da fenti shafi uku.

"Kash," in ji shi, kamar wanda aka ce masa abinci ya ƙare.

Yaya ya dube ni, ya dubi bangon. "To, ai mai fenti ne," ya ce.

Kwana uku yana bina da hujja. Ya ce ko mun yarda ko ba mu yarda ba motar nan za ta ci gaba da zuwa, gara su shigo da izininmu da su leƙa ta taga. Ya ce gidan farko an rushe shi, na biyu sun ƙi buɗe ƙofa, shi ya sa duniya ta manta da 'ya'yansu, amma Auta ba za a manta da ita ba. Ya ce maganin Inna ba da addu'a ake ba da shi a kanti ba, kuma rabona da in kawo wani abu gidan nan tun kafin ruwa ya ɗauke. Wannan ta ƙarshen gaskiya ce, shi ya sa ta fi shiga ta.

"Inna fa?" na ce.

"Za a kulle ɗakin. Me zai kai ta?"

Inna mahaifiyarmu ce. Shekara biyu ke nan mantuwa ta kama ta. Takan ci abinci ta ce ba a ba ta ba. Takan kira ni da sunan ƙanenta da ya rasu tun ban san kaina ba. Amma abu ɗaya bai taɓa shige mata ba: kullum da safe, in ta idar da salla, sai ta shiga ɗakin Auta ta buɗe taga. Na san da wannan. Yaya ma ya sani.

Ranar Laraba na yi aikin, da rana, Inna tana barci. Da zan iya cewa hannuna yana rawa, da na faɗa. Bai yi rawa ba. Na haɗa ja da ruwan ƙasa, na ɗiga baƙi kaɗan, na gwada a jikin kwali har sau biyar kafin launin ya yi daidai da abin da idona ya gani shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Jagora ya riga ya gaya min baƙi suna son taɓa abu da hannu, don haka ban yi da fentin ruwa ba. Na yi da na mai, wanda ba ya fita. Na fara daga daidai kafaɗar mutum, na bar shi ya gangaro da kansa, na yarfa buroshi a gefe ya yi ɗigo-ɗigo. Da na gama na ja da baya na duba. Abin da har yau ban gaya wa kowa ba shi ne, na ɗan lokaci kaɗan na ji daɗin aikin. Ya fito yadda nake so.

Yaya ya sa kwaɗo a ƙofar. Washegari Inna ta zo ta tarar da ita a kulle, ta tsaya tana bugawa da tafin hannu.

"Auta tana ciki. Wa ya kulle min yarinya? Ku buɗe mata, za ta makara."

Ta yi ta bugawa har hannunta ya yi ja. Matar Yaya, wadda ba a gaya mata abin da aka yi a ɗakin ba, ta ɗauko makulli daga aljihun rigar mijinta ta buɗe.

Ina tsakar gida ina wanke buroshi na ji ƙarar. Na taɓa jin irinta sau ɗaya, kuma na zaci mutum ba ya yin ta sau biyu a rayuwa. Na shiga na tarar da Inna a durƙushe, hannayenta a kai. Ta daɗe a haka. Can ta miƙe, ta fita ba ta kalli kowa ba, ta dawo da bokiti da soso da garin sabulu. Ta fara wanke bangon.

"Inna, bari," na ce.

"In bari mutane su zo gaisuwa su tarar da shi haka? Matsa min."

Ta goga har azahar. Kumfa ya yi ta gangarowa fari tas, tabon yana nan, sai ƙyalli ma da ya ƙara. Da aka kira salla ta ajiye soson, ta fito, ta tambayi Matar Yaya ko an ba kaji ruwa. Ba mu da kaji. Zuwa la'asar tana zaune tana dariya da jikokinta.

"Ka gani?" in ji Yaya da ya dawo daga shago aka ba shi labari. "Ta manta. Shi ke nan, ya wuce."

Bai wuce ba. Da safe ta sake shiga buɗe taga, ta sake gani, ta sake yin ƙarar nan, ta sake ɗauko bokiti. In aka kulle ta buga ƙofa har ta faɗi, in aka buɗe ta ga bango. A wurinta kullum ranar ce. Kullum da safe ake kashe mata 'ya, kullum da azahar a ɗauke mata labarin.

Na ce wa Yaya zan shafe.

"Ranar Asabar za su fara shigowa," ya ce. "Na riga na ba mutum magana. Kuma tsakani da Allah, me ya same ta? Kafin azahar ta manta. Abin da mutum bai tuna ba ai kamar bai faru ba ne."

Ni mutum ne mai juya magana a rai. Ban yi nisa a makaranta ba, amma in tambaya ta maƙale min nakan kwana da ita in tashi da ita. Na ɗauki maganar Yaya na yi ta juyawa a kan tsani, a wurin wani ɗan aikin shafe katanga da na samu. In ciwo bai bar alama a tunani ba, ina yake zuwa? In an mari mutum ya manta, an mare shi ko ba a mare shi ba? Wa ake zalunta, Innar safe da take kuka, ko Innar yamma da ba ta san an yi ba? Na yi ta wannan har kwana tara. A duk kwana taran nan galan ɗin shuɗin fenti yana ƙarƙashin gadona, kuma aikin bai fi na yini ɗaya ba.

Matar Yaya ce take shafa wa Inna mai a hannu da yamma. Fatar yatsun ta tsattsage saboda sabulu, farcen babban yatsa ya ɗaye. Gwiwoyinta sun kumbura. Ta rage cin abinci, ba ta san dalili ba, sai ta ce ƙirjinta ne ya yi mata nauyi kamar an yi mutuwa.

"Sannu Malam mai tunani," in ji Matar Yaya rannan, ba ta ɗago ta dube ni ba. "An raba aiki a gidan nan. Yayanka magana, kai tunani, tsohuwa wanki."

"Ke me ya hana ki ɓoye bokitin?"

"Na ɓoye. Da ɗankwalinta ta goga, tana tofa yawu. Ka fi son haka?"

Asabar ta farko da suka shigo, Yaya ya so a fitar da Inna kafin goma. Ta ƙi tashi. Suna cikin jayayya motar ta tsaya, mutum goma sha biyu suka cika tsakar gida, wasu da gorar ruwa, wasu da hular rana. Jagora ya leƙa ɗakin, ya ga tsohuwa a durƙushe tana goga bango. Na ga lokacin da idonsa ya yi haske. Ya kashe lasifikar, ya juyo ya rage murya.

"Jama'a, a hankali. Wannan ita ce mahaifiyar."

Wayoyi suka tashi sama gaba ɗaya.

Inna ta juyo ta ga mutane a bakin ƙofa. Ta yi sauri ta goge hannu a zane, ta gyara mayafinta.

"Lale, lale. Har kun ji? Sannunku da zuwa, Allah ya ba da lada. Ku yi haƙuri da ɗakin, yanzu zan gama. A kawo musu tabarma mana, an bar baƙi a tsaye."

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana godiya. Wata mata ta fashe da kuka, amma ba ta sauke wayarta ba. Wani mai kyamara a wuya ya matsa ya shafa tabon da yatsa, ya duba yatsan. Wasu biyu suka juya wa bangon baya, suka haɗa kai, suka ɗauki kansu hoto, Inna tana bayansu da soso a hannu.

Da za su tafi Jagora ya ja Yaya gefe. Daga wannan satin gidanmu ya tashi daga zango na uku ya koma na farko. Jagora ya ce saboda cunkoson hanya ne. Motar ta koma zuwa ƙarfe takwas, lokacin da kukan bai gama bushewa a fuskar Inna ba. Aka ƙara Juma'a.

"Ba wanda ya sa ta," in ji Yaya. "Ko sun zo ko ba su zo ba wankin nan za ta yi. Kuma ba ka ga yadda take jin daɗin baƙi ba? Da can wa yake zuwa gaishe ta?"

Lahadi ta uku, a cikin baƙin akwai wata budurwa mai tabarau, da jaka a baya, irin 'yan jami'a. Ta tsaya a baya, ba ta ɗaga waya ba. Da Inna ta koma kan wankinta, yarinyar ta ajiye jakar, ta ratsa mutane, ta durƙusa kusa da ita.

"Kawo in taya ki, Mama."

"Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Ki dage ta nan, nan ne ya fi kamawa."

Ta goga sau uku ko huɗu, ta tsaya. Ta kankara da farce. Ta kai hanci ta sansana. Sannan ta juyo tana duban fuskokinmu, har idonta ya sauka a kan wandona na aiki, wanda ba launin da babu a jikinsa. Ta miƙe ta zo inda nake a bakin ƙofa, ta yi magana yadda ni kaɗai zan ji.

"Fenti ne," ta ce.

Na dubi wandona.

"Ta san fenti ne?"

Na kau da kai.

"Ni na san abin da ya kawo ni. Kallo na zo yi, kuma da kunyarsa zan koma gida. Amma ni ba uwata ba ce." Ta ɗauki jakarta ta fita, ta zauna a mota ita kaɗai har sauran suka gama.

Ba wani sabon abu ta gaya min ba. Duk na sani. Bambancin kawai, wannan karon a bakin wani na ji, kuma ba ta bar min tambayar da zan tafi in juya ba.

Ranar Litinin bayan azahar, da Inna ta ajiye soso ta shiga ɗakinta, na fito da galan ɗin. Fentin mai ba ya yarda a hau kansa haka kawai. Sai da na bi shi da samfefa, na kankare har filasta ta bayyana, jar ƙura ta cika min hanci da gashin ido. Na share, na goge da tsumma, na yi shafin farko. Ina jiran ya sha iska Yaya ya shigo. Wani ne ya kai masa labari shago.

"Me kake yi haka?"

"Abin da kake gani."

"Da izinin wa? Mutumin nan ya riga ya cika motar Juma'a."

"Ya kai su wani wurin."

Ya yi dariya, ba ta jin daɗi ba. "Oh, yau kuma waliyyi aka tashi? To Malam, da hannun wa aka zana? Ni ko riƙe buroshi ban iya ba. Cewa kawai na yi kai mai fenti ne. Kai ka zaɓi kala, kai ka zaɓi wanda ba ya wankuwa. Ni na ce ka yi ɗigo-ɗigon nan na gefe? Gwaninta ce ta motsa maka."

Ba ƙarya a cikin maganarsa.

"Kuma ka shafe ɗin," ya ce. "Hoton yana wayar mutum nawa? Jiya wani ya nuna min Inna a shago, tana ce wa baƙi lale. Mutum dubu nawa suka kalla, ka sani? Je ka shafe wannan ma."

Ya tsaya yana huci. Sai ya dubi keken ɗinkin, ya dubi gadon, kamar yau ya fara shiga ɗakin. Na zaci zai ƙwace rolar fentin da ke hannuna. Bai ƙwace ba. Ya ce daga yau maganin Inna a wuyana yake, ya fita. Na yi shafi na biyu kafin magariba, na bar tagar a buɗe.

Da safe na riga kowa tashi, na zauna a bakin ƙofar ɗakin. Inna ta idar da salla ta taho tana bin bango. Abin da ban zata ba, da bokitin ta taho. Kanta bai riƙe komai ba, amma hannunta ya riga ya koyi hanya. Ta shiga, ta ajiye bokitin a daidai wurin da ta saba durƙusawa, ta ɗaga kai.

Ta daɗe tana kallon bangon. Ta kai tsattsagaggun yatsunta ta shafa shi daga sama zuwa ƙasa.

"Ya fita," ta ce. "Kai, zo ka gani. Ya fita."

Na shiga na tsaya a bayanta.

"Na sha wahalarsa, amma ya fita. Dama na ce ba za a zo gaisuwa a tarar da ɗakin yarinyar nan haka ba." Ta juyo ta ga shuɗin fenti a hannuna da goshina. Yau ta gane ni, har ta kira ni da sunan da take kirana ina yaro. "Na-tsakiya, kai ka taya ni ko?"

Na durƙusa. Na riga na shirya maganar tun jiya, kuma na yi wa kaina alkawarin ba zan rage mata komai ba.

"Inna, ba jini ba ne. Fenti ne. Ni na zana shi da hannuna, don baƙi su zo su kalla. Kusan wata guda kina wanke abin da na san ba zai fita ba, ina kallonki."

Ta dube ni da kyau, kamar tana neman inda maganar ta dosa. Sai ta yi 'yar dariya, ta daki kafaɗata da bayan hannu.

"Ji shirme. Kai da ko kaza ba ka iya kallon an yanka? Duk cikin 'ya'yana ba mai tausayinka."

"Wallahi Inna ni ne."

"Yi min shiru, kar ka yi rantsuwa a kan wasa." Ta ɗora hannunta a kaina. Ina jin kaushin yatsun a fatar kaina, da warin sabulu. "Kowa ya watse ya bar ni da shi, kai kaɗai ka tsaya. Allah ya yi maka albarka. Allah ya ba ka 'ya'yan da za su yi maka yadda ka yi min."

Matar Yaya tana tsaye a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu, ta ji komai. Inna ba ta ɗauke hannunta ba. Jira take.

"Ba ka ce amin ba," ta ce.

Na ce amin.